Karnukan jan amalanke da guguwar ƙarshen hunturu a karkarar Alaska

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya ga hotunan karnuka kwance a waje a Alaska, jihar Amurka da ke can arewa mai nisa, dusar ƙanƙara ta rufe su saura hanci. Yana so ya san yadda mutanen ƙauye da karnukansu ke tsira idan guguwa ta taso a ƙarshen hunturu, da dalilin da ya sa ba su bar karnuka sun koma ga inji ba, da kuma ko barin dabba a waje cikin wannan hali zalunci ne.

Amsa: Malam, zan amsa maka ne a matsayina na likitan dabbobi wanda ya yi hunturu biyu yana duba irin waɗannan karnuka a ƙauyukan bakin kogin Yukon da rassansa, a tsakiyar Alaska. Abin da zan fara gaya maka shi ne, karen da ya ƙoshi, ya sha ruwa isasshe, kuma gashinsa a bushe yake, yana iya kwana a waje sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ya tashi da safe yana kaɗa wutsiya yana neman a ɗaura masa kayan ja. Abubuwan da ke kayar da shi su ne iska, da jiƙewa, da yunwa, da ƙishirwa, kuma waɗannan huɗun sun fi haɗuwa wuri ɗaya a watan Maris da farkon Afrilu fiye da tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Dalilin haka yana cikin yanayin ƙasar. A ƙarshen Disamba, hasken rana a birnin Fairbanks bai kai awa huɗu ba, saboda haka mutane ba sa yin nisa da gida. Da Maris ya kama sai rana ta riƙa ƙaruwa da kusan minti bakwai kullum, ƙanƙarar kogi ta yi kauri iya kaurinta, hanya ta yi tauri, kowa ya ji ƙwarin fita: wani zai je ɗauko itace, wani zai zaga tarkunansa kafin lokacin farauta ya ƙare, wani zai kai iyalinsa bikin ƙarshen hunturu a ƙauyen maƙwabta, inda ake tseren karnuka. A wannan lokaci kuma guguwa tana iya tasowa daga tekun Bering da ke yammacin Alaska ta shigo ƙasa da dusar ƙanƙara mai nauyi da laima. Ga mutane a kan hanya nesa da gida, ga rumbun kifi ya yi ƙasa bayan wata biyar ana ɗiba, ga karnuka sun fara ramewa. Ya kamata kuma a bambance sassa biyu. A tsakiyar ƙasar akwai daji da ke karya ƙarfin iska, sai dai sanyi ya fi zurfi. A gabar teku ta yamma, wajen Unalakleet da Shaktoolik da Nome, fili ne fetal babu bishiyar da za ta tare iska, kuma a can ne guguwa ta fi kisa.

Amalanken da muke magana a kai ba shi da taya. Yana da dogayen ƙafafu biyu masu santsi da ke zamewa a kan ƙanƙara, matuƙi yana tsaye a bayansa, karnuka kuma suna jere biyu-biyu a jikin wata doguwar igiya. Mai aikin gida yakan ɗaure shida zuwa goma sha biyu. Na kusa da amalanke su ne ƙarfafa, su ke ɗaukar jijjigar kaya a kwana, na can gaba kuma shi ne ja-gaba, wanda sau da yawa ƙaramar karya ce mai natsuwa. Babu linzami, babu bulala a hannun matuƙin kirki. Da murya kaɗai ake tuƙi: a ce "ji" ta yi dama, a ce "ho" ta yi hagu. Karnukan kansu ba manya ba ne, galibinsu kilo 20 zuwa 25, ruwa-biyu ne da aka yi shekara da shekaru ana zaɓen masu ƙafa mai kyau da cin abinci da son ja.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram ba kamar a bakin Yukon. Wanda zai tsallake guguwar Maris da karnukansa, tun watan Agusta da Satumba ya gama shirinsa, lokacin da wani nau'in kifin salmon da ake kira "cam" ke haurowa daga teku zuwa inda zai yi ƙwai. Dangantakar kifin nan da karnuka tana da ƙarfi, kuma ana yi masa laƙabi da kifin kare. Ana kama shi da raga ko da wani babban keken katako mai kwanduna wanda ruwan kogi ke juyawa dare da rana, yana kwaso kifi yana zubawa a akwati. Na farkon kaka ana tsaga shi a shanya a rumfa ya bushe. Na ƙarshen kaka, da sanyi ya fara, ana jibge shi ɗanye a wani kejin itace ya ɗan yi tsami kafin ya daskare, kuma karnuka suna son wannan ƙwarai. Lissafin da dattawa suka ba ni shi ne kifi ɗaya ga kare ɗaya kowace rana idan yana aiki. Ka ɗauki mai karnuka goma da hunturu na kwana 200, ka ga kifi 2,000 ke nan, kuma dukkansu da hannu za a kama, a yanka, a rataye. Mutumin da ya yi sakaci a nan, babu dabarar da za ta cece shi a Maris.

Kowace yamma, ko da iska na neman ɗauke mutum, sai an hura wuta a ƙarƙashin tukunyar karnuka, wadda galibi rabin duro ne aka yanke aka ɗora a kan murhu a tsakar gida. Ana sare daskararren kifi da gatari, domin wuƙa ba ta kama shi, a zuba ruwan da aka ɗebo daga ramin da aka fasa a ƙanƙarar kogi, a ƙara shinkafa ko gari, sannan a ƙara kitse: na dabbar daji, ko man kifi, ko naman wata dabbar ruwa mai gina madatsa da ake kira biba, wadda ake kamawa da tarko a wannan lokaci kuma namanta mai ne sosai. Dafawa tana kashe tsutsar ciki da ke jikin kifi, tana kuma sa kare ya sha ruwa tare da abinci. Kitse shi ne makamashin kare. Jikinsa yana ƙona mai yadda jikin ɗan Adam ba ya iyawa, shi ya sa idan an ga alamar guguwa ake ƙara kitse tun kafin ta iso. Karen da ke dogon tsere yana iya ƙona kalori 10,000 ko fiye a rana ɗaya, wato abin da ƙato huɗu za su ci. Na aikin gida bai kai haka ba, amma kwana uku na iska mai ƙarfi suna iya zaftare masa naman jiki ko da bai motsa daga inda yake ɗaure ba.

Batun ruwa shi ne wanda baƙi suka fi kuskurewa, kuma shi ne ya fi ba ni aiki. Mutum yana ganin ƙasa cike da dusar ƙanƙara sai ya ɗauka kare ba zai ji ƙishirwa ba. Gaskiya yana lasar ta, amma abin da yake samu kaɗan ne, kuma narkar da ita a ciki yana cinye ɗumin jikinsa. Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, ta fi ta tsakiyar hunturunmu bushewa, kuma kare mai haki yana zubar da ruwa da kowane numfashi. Idan ka ajiye masa ruwa zalla, kafin ya waiwaya ya daskare. Saboda haka ake ba shi romo mai ɗumi da aka jefa ɗan kifi ko jini a ciki, ya shanye nan take. Ina duba kare ta hanyar ɗaga fatar bayan wuyansa in saki: idan ta koma da sauri lafiya, idan ta tsaya a tsaye akwai matsala. Ina taɓa dasashinsa in ji ko da danshi. Sannan ina duba fitsarinsa a kan farar ƙanƙara, wadda ba ta ɓoye komai: ruwan ɗorawa mai duhu alamar ƙarancin ruwa ne, ja mai kama da ruwan shayi kuwa alama ce cewa tsokar jikinsa ta fara lalacewa, kuma wannan kare sai a ɗauke shi a cikin amalanke, kada ya ƙara taku ɗaya.

Yanzu ga hoton da ya tayar maka da hankali. Gashin waɗannan karnuka hawa biyu ne: na ciki mai laushi da ke riƙe ɗumi, da na waje mai kauri da ke tare iska da laima. Idan guguwa ta taso, kare yakan tona ɗan gurbi, ya juya wa iska baya, ya naɗe jikinsa, ya cusa ƙafafu a ƙarƙashin ciki, ya rufe hanci da wutsiya domin iskar da zai shaƙa ta ɗan ɗumama. Dusar da ta taru a kansa bargo ce a gare shi, don tana tare iska. Alamar da nake nema ita ce ko dusar da ke bayansa ta narke. Idan tana nan fara tas ba ta narke ba, ɗumin jikinsa ba ya fita, kuma lafiyarsa lau. Idan ta narke ta koma ƙanƙara tana manne da gashi, karen nan ya rame ko gashinsa ba shi da kyau, a shigar da shi ɗaki. Kowane kare yana da ɗan akwatin katako da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, ko da yake da yawansu sun fi son kwana a kan rufinsa. Aikin mai gida a lokacin guguwa shi ne ya riƙa fita da shebur da fitila kowane 'yan sa'o'i, domin dusa tana iya toshe bakin akwati, tana kuma binne sarƙa har ta gajarta ta danne wuyan kare ƙasa. Ciyawar da ta jiƙe sai an canza ta, don ta fi rashin ciyawa illa. Tsofaffi, da masu ciki, da 'yan kwikwiyo, a gidajen kirki cikin ɗaki suke kwana kusa da murhu.

Ƙafa kuwa ita ce jarin kare. Tafinsa ba ya daskarewa da sauƙi saboda jijiyoyin jinin da ke sauka da masu hawa suna manne da juna, suna musayar ɗumi. Amma dusar ƙarshen hunturu, wadda ke narkewa da rana ta sake daskarewa da dare, tana zama kamar tsakuwar gilashi, tana tsaga fatar da ke tsakanin yatsu, tana kuma dunƙulewa a gashin wurin. Shi ya sa ake sa musu 'yan safa na yadi mai ƙarfi, a cire idan an tsaya hutu domin jini ya zaga, a shafa man shafawa a tsagar. Mai karnuka goma ƙafa 40 zai durƙusa ya duba ɗaya bayan ɗaya, hannunsa tsirara cikin iska, don ba a ɗaura safa da safar hannu mai kauri.

Guguwar da ta fi haɗari a hanya sau da yawa ba daga sama take zubowa ba. Iska ce ke kwasar dusar da ke ƙasa tana tafiya da ita, har ka ɗaga kai ka ga taurari amma ba ka ganin karnukanka na gaba. Hanya tana shafewa cikin mintuna. A nan ne darajar ja-gaba ke fitowa, domin tana jin taurin tsohuwar hanya a ƙarƙashin sabuwar dusa da tafin ƙafarta, tana kuma shaƙar ƙanshin waɗanda suka wuce a baya. Na ga wannan da idona a hunturuna na biyu, muna dawowa daga bukkar farauta da wani dattijo ɗan ƙabilar Atabaskan da karnukansa tara, ina zaune cikin amalanke. Da muka fito daga daji muka hau wani faffaɗan tafki, sai iska ta rufe mu, na daina ganin komai sai wutsiyoyin biyun da ke kusa da ni. Dattijon bai ce uffan ba, ya bar tsohuwar karyarsa tana lalube, tana ɗan kaucewa tana dawowa. Da ta tsaya cak ta waiwayo karo na biyu, sai ya taka birki, ya kafa ƙugiyar ƙarfe a ƙanƙara, ya ce mini a nan za mu kwana. Muka kifar da amalanke a gefen iska, muka ba kowane kare gutsuren kifi da kitse, muka kwance musu igiyar baya don su iya naɗewa, muka shige jakar barci. Da gari ya waye iska ta faɗi, sai na ga tudu tara ƙanana a jere, kowanne da ɗan rami da tururi ke fita. Ya kira sunan karyar, tudun gaba ya fashe, ta fito tana girgiza jiki. Bakin dajin da muke nema bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma a gefen da ni na yi zaton hanya take, akwai buɗaɗɗen ruwa a inda rafi ke fita daga tafkin.

Bayan guguwa ta wuce ma da sauran rina a kaba. Nauyin sabuwar dusa yana danne ƙanƙarar kogi, ruwa ya ɓullo ta tsaga ya kwanta a kanta, dusar sama kuma ta lulluɓe shi ta hana shi daskarewa. Ido ba ya ganinsa sai an afka. Karnuka suna jiƙewa har ciki, amalanke ya yi nauyi da ƙanƙara, matuƙi kuma idan ruwa ya shiga takalminsa yana iya rasa yatsun ƙafa. Ana birgima kare a busasshiyar dusa ta tsotse ruwan, a ɓare ƙanƙarar ƙafafunsa, mutum kuma ya hura wuta nan take ya canza safa. Akwai kuma mus, wata dabba dangin barewa da ta fi doki girma, wadda yunwa da zurfin dusa ke korowa kan hanyar da aka taka, kuma ba ta kaucewa. A shekarar 1985 wata ta afka wa karnukan matuƙiya Susan Butcher a tseren Iditarod, babban tseren karnuka na dogon zango a Alaska, ta kashe biyu ta raunata da dama.

Tunda na ambaci tsere, bari in ɗan tsaya a kansa, domin daga can ne yawancin mutane suka san waɗannan karnuka. A farkon 1925, da cutar mashaƙo ta ɓarke a Nome, matuƙa 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna magani daga Nenana, suka ci kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi, kuma da yawa daga cikinsu 'yan asalin ƙasar ne masu jigilar wasiƙu. Leonhard Seppala da ja-gabansa Togo, mai shekara 12, suka ratsa ƙanƙarar tekun Norton Sound cikin duhu da iska. Wannan ceton rai ne, dole ce ta sa. Tseren Iditarod da aka fara a 1973, ana yin sa a Maris, yana bin wani sashe na wannan hanya. A 1985 Libby Riddles ta bar Shaktoolik cikin guguwar da sauran suka ƙi shiga, ta kwana a hanya cikin jakar amalankenta, ta zama mace ta farko da ta lashe tseren. A 2014 kuwa iska ta hankaɗe Jeff King daga hanya dab da zangon ƙarshe na Safety alhali shi ke kan gaba, ya janye. Ina girmama jarumtarsu, amma ina roƙonka kada ka auna rayuwar ƙauye da su. Mutumin ƙauye ba ya shiga guguwar da zai iya jira ta wuce, kuma a wurinsu wanda ya kwana uku a bukkar hanya ya iso da karnukansa cif shi ne gwani.

Game da inji, gaskiyar magana ita ce yawancin mutane sun riga sun koma. Jirgin sama ya ƙwace jigilar wasiƙu, har mai kai wasiƙa da karnuka na ƙarshe, Chester Noongwook na Savoonga, ya ajiye aiki a 1963. A shekarun 1960 babur ɗin ƙanƙara ya shigo ƙauyuka, kuma abin da karnuka za su yi a yini yana yin sa cikin awa ɗaya ko biyu, ba ya kuma cin kifi da rani. Waɗanda suka riƙe karnuka 'yan tsiraru ne, amma suna da hujja. Mai da kayan gyara sai jirgin ruwa ko na sama ya kawo su, da tsada mai yawa. Inji yana ƙin tashi a tsananin sanyi, yana kuma iya mutuwa da kai a inda ƙafa ba za ta dawo da kai gida ba, ba ya jin raunin ƙanƙara, ba ya kuma gano hanyar da ta shafe. Ma'aikatan gandun dajin Denali ma tun 1922 suke sintiri da karnuka har yau. Akwai kuma abin da ya wuce amfani: George Attla na ƙauyen Huslia, wanda ya lashe babban tseren gajeren zango na Anchorage sau goma, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 2015 yana koya wa yaran makaranta kiwon karnuka, domin ya ga yaron da ke da bakin da zai ciyar da asuba ba ya lalacewa da sauƙi.

Shin zalunci ne? Kwana a waje ga lafiyayyen kare irin wannan ba zalunci ba ne, hasali ma zafi ya fi damunsa, shi ya sa da rana ta yi ƙarfi a Afrilu ake tafiya da dare ko da sassafe. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ga zalunci a can. Na ga karnuka a ɗaure wata da watanni ba a gudu da su, na ga akwati babu ciyawa, na ga haƙarƙari a waje. Likitan dabbobi yana wuyar samu a ƙauyukan da babu titin mota, cutar haukan kare tana yawo a jikin yanyawar gabar teku, kuma cutar gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo tana ɓarna idan ba a yi rigakafi ba. Idan kana son ka san halin mai karnuka, ka shafa haƙarƙarin dabbobinsa, ka cusa hannu cikin ciyawarsu, ka kuma duba ko suna murnar ganinsa.

Abin da ya fi damuna a yanzu yana cikin kogi. A 2020 kifin cam ya yi ƙaranci a Yukon, a 2021 ya faɗi ƙasa fiye da yadda aka taɓa ƙirgawa, har hukuma ta hana kamun kifi ko na ci a gida. Keken kamun kifi ya zauna a tudu, rumfunan shanya suka wayi gari wayam. Masu karnuka a Tanana da Fort Yukon suka koma dogaro da buhunan abincin kanti da masu taimako suka aiko ta jirgi, wasu suka koma kama ƙananan kifayen tafki ta ramin ƙanƙara, wasu kuma suka rabar da karnukan da iyayensu da kakanninsu suka yi ta zaɓen irinsu. Dattijon da na ba ka labarinsa ya aiko mini da saƙo cewa ya rage nasa zuwa huɗu, iya waɗanda za su ja masa itace da ruwa, kuma ya riƙe jikar tsohuwar karyar nan a cikinsu, yana koya mata gaba.